Akushin Uwargida da Molon Kan Dutse

Ni kafinta ne a Marwa ta ƙasar Kamaru, shekara 18 ina fama da katako, shi ya sa ranar da na riƙe abin kiɗan tsohon da ke gadin shagunan layinmu, raini ne ya fara zo mini. Tsohon mutumin duwatsun Mokolo ne. In dare ya yi tsit sai ya ɗauko abinsa ya riƙa taɓawa a hankali, sautin na fita kamar ruwa na ɗiga a randa. Mutanen Cadi kinde suke ce wa irinsa, ni kuwa molon kan dutse nake ce masa. Na jujjuya shi: ƙoƙon itace kamar ɗan kwalekwale an rufe da fata, wuya a lanƙwashe kamar baka, turaku biyar, tsirkiya biyar. Shi ke nan fa.

Na ce da Fillancina na kasuwa, "Baba, nawa za ka yi mini irinsa?"

Ya ce jaka goma, kuma sai na jira sati uku.

Sati uku! Ni da ke gama gado da kabad a kwana huɗu? Na ce ya bari kawai, jibi zai ji nawa.

Ƙoƙo bai ba ni wahala ba, domin uwargida tana da wani baƙin akushi na gadon kakarta da ke zaune a ƙarƙashin gado ba aikin fari ba na baƙi. Na are shi ba da saninta ba. Wuya kuwa, bishiyar dalbejiya ta cika titunan Marwa, na sari ɗanyen reshe guda. Tsirkiya, zaren kamun kifi. Sai fata. Nan na nuna ni ɗan birni ne: na tafi majema na zaɓo jar fata mai laushi, irin wadda ake ɗinka jakar amarya da ita, na buga ta da ƙusa kamar ina rufe kujera, na kwantar da tsirkiyoyin a kan jaki, ɗan itacen nan da ke tallafe su, yadda na saba gani a garaya.

Da dare na kai wa tsoho. Na taɓa. Abin ya ce "ɗif", kamar an jefa ɗanyen mangwaro a katifa.

Dariya ya yi har sai da tari ya sarƙe shi. Da ya farfaɗo ya ce, "Yaro, fatar da aka jeme ta mutu, takalmi ake yi da ita." Ɗanya ake nema, a jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗaure ta da igiyar fata tun tana jiƙe, in ta bushe ita da kanta za ta ja jikinta ta ɗame. Sa'an nan ya nuna mini abin da idona ya tsallake: a nasa babu jaki sam. Wata 'yar sanda ce kwance a tsakiyar fatar, a jikinta ake ɗaure tsirkiyoyin, su miƙe sama zuwa wuyan. Ashe tsirkiyar garaya danne fata take yi, ta wannan kuwa ɗaga ta take yi, kuma duk muryar daga wannan jan take fitowa.

Kashegari na sayo fatar akuya wajen mahauta, na yi yadda ya ce, na ɗora a kan rufin kwano ta sha rana. Ba wanda ya gaya mini zancen wari. Kafin la'asar ƙudajen unguwa sun yi taro, angulaye biyu sun sauka a katanga suna jiran rabo, maƙwabcina ya leƙo yana tambaya ko wani abu ya mutu. A tsakar gida kuma uwargida na ta cigiyar akushi, har ta fara zargin almajirin gidanmu. Na taya ta nema, Allah Ya yafe mini.

Zafin Afrilu dai bai ba ni kunya ba. Fata ta bushe ƙamas, na huda mata 'yar kafa da ƙarfe mai zafi don sauti ya samu hanya, na ƙwanƙwasa ta amsa "kan-kan". Da na tsaya nan da na ci riba. Sai ɗana ya nuna mini na Turawa a waya: tsirkiya 47, wai jan da suke yi wa siririn allon jikinsa ya kusa tan guda. Na ce su 47, ni biyar? Na ƙara huda huɗu, suka zama tara.

Ɗanyen reshe kuwa ba ya musu. In na murɗa turke ɗaya sai wuyan ya ƙara sunkuyawa, sauran takwas su saki. In ɗaure waɗancan, wannan ya saki. Na yi ta zagaye kamar mai kiwon 'yan tsaki, gumi na zuba, yara sun kewaye ni, uwargida ta fito da ƙawayenta biyu su ga abin da Malam ya ƙera. Na ce bari in ƙara rabin murɗa a ta ƙarshe.

Ƙara ɗaya aka ji. Wuyan ya fizge ya wuce ta gefen kunnena ya faɗa tukunyar miya, ƙoƙon ya dare gida biyu, rabi ya gangara ya kife daidai ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauka, ta ga zanen wutar da kakarta ta yi a gindinsa.

"Malam," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "wannan almajirin ne ya kawo maka?"

Jaka goman dai na biya tsoho, na kuma jira sati ukun, har da kwana biyu ƙari. Sabon akushi na sayo mata ran kasuwar Litinin, ta karɓa ta adana. Yau kwana 40 ke nan a rabin tsohon akushin take zuba mini tuwo, ɓangaren da ramin wuyan yake, miya na bi ta nan tana sauka a zanen wandona.