Red Dead Redemption: Kisan Micah ne ya rusa abin da Arthur ya mutu a kansa

Mafi yawan waɗanda suka kammala Red Dead Redemption 2, wasan bidiyon kaboyi da kamfanin Rockstar ya fitar a 2018, suna ɗaukar hawan dutsen Hagen a matsayin lokacin huce haushi. John Marston, tsohon ɗan wata ƙungiyar 'yan fashi, ya hau dutsen cikin dusar ƙanƙara, Dutch shugaban ƙungiyar ya harbi Micah Bell da ya ci amanarsu, John ya ƙarasa shi, kowa ya yi murna. A ganina nan ne aka yi babbar asarar labarin gaba ɗaya, kuma waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun nuna haka a fili ga duk wanda bai tsallake hotunan ƙarshe ba.

A shekarar 1899 Arthur Morgan, jarumin wasan kuma ɗan ƙungiyar Dutch, ya je karɓar bashi wurin Thomas Downes, wani talaka mai tarin fuka, bisa umarnin Leopold Strauss mai ba da bashi da ruwa. Ya lakaɗa masa duka, Downes ya yi tari a fuskarsa. Babu maɓallin da zai sa ka kauce wa wannan aikin. Sai can a babi na biyar likita a Saint Denis ya tabbatar masa da cutar. Daga nan ne halinsa ke sauyawa: yana iya yafe wa waɗanda ake bi bashi, ya taimaki matar Downes da ɗanta a Annesburg, ya kori Strauss daga sansani.

Ƙarshen Arthur iri huɗu ne, kuma abu biyu ke tantance shi: ma'aunin mutuncinka, wanda ke hawa ko sauka bisa ayyukanka a wasan, da zaɓinka tsakanin raka John ya tsira ko komawa neman kuɗi. In mutuncinka na sama kuma ka raka John, Arthur zai cika yana kallon fitowar rana. In yana ƙasa, Micah ne zai harbe shi. A duka huɗun Arthur mutuwa yake yi, John kuma tsira yake yi. Wasu na kukan cewa wannan ya mai da zaɓin ɗan wasa banza. Ban yarda ba. Tuba ba ta goge abin da ya aikata wa Downes, alhaki kuwa kuikuyo ne. Abin da aka bar maka shi ne yadda zai kashe ragowar kwanakinsa, kuma wasan ya ɗauki wannan da muhimmanci.

Buƙatar Arthur ga John guda ce: ya tafi wurin iyalinsa, kada ya waiwaya. A 1907 John ya kusa cika ta. Ya ci bashin banki, ya sayi filin Beecher's Hope, ya gina gida da taimakon Charles Smith da Uncle. Sai Sadie Adler, tsohuwar 'yar ƙungiyarsu, ta zo da labarin inda Micah yake. Matarsa Abigail ta roƙe shi kada ya je, ya je. Yayin da sunayen ma'aikatan da suka haɗa wasan ke wucewa a ƙarshe, za ka ga jami'an gwamnati Edgar Ross da Archer Fordham tsaye kan gawar Micah, suna bin sawu har suka hango gonar daga kan tudu.

Za a iya cewa ko ba Micah ma Ross zai gano shi, tunda gonar na kusa da Blackwater, garin da ƙungiyarsu ta yi fashin da ya tarwatsa ta. Hujja ce mai ƙarfi. Amma Rockstar na da damar nuna kowace hanya, suka zaɓi gawar Micah ta zama mafarin sawun.

Abin da ya biyo baya yana cikin wasa na farko, na 2010. A 1911 Ross ya tsare Abigail da ɗansu Jack, ya tilasta wa John farautar tsoffin 'yan ƙungiyarsa, Bill Williamson, Javier Escuella da Dutch. Da aiki ya ƙare, Ross ya turo sojoji gonar. John ya ɗora matarsa da ɗansa kan doki, ya buɗe ƙofar barga. Nan wasan ke kunna maka Dead Eye, dabarar rage gudun lokaci da ta cece ka tun farkon wasa, ka saita 'yan mutanen da harsashinka zai iya kai wa, sauran su ɓarke da wuta. Makamin da ka fi amincewa da shi ne aka bari ya gaza a hannunka.

Jack fa? Yaro ne mai son karatu, kuma duk wahalar Arthur da John don kada ya riƙe bindiga ce. A 1914, bayan ya binne mahaifiyarsa, ya bi Ross har bakin kogi a Meziko inda yake harbin agwagi bayan ritaya, ya kashe shi. Wannan aikin ba ya fara kansa, kai ne za ka nemi alamarsa a Blackwater, ka bi dangin Ross ɗaya bayan ɗaya kana tambaya. Kana iya barin Jack a gona, sai dai sunan wasan da jerin ma'aikata ba za su fito ba sai ka harbe tsohon.