Katifar Alhaji

Ku da kuka san kabinenmu, ofishin lauya, kun san halin Metir, lauyan da muke wa aiki: in ya je taro ya dawo, mu ke ji a jikinmu. Wannan karon Abijan ya je, taron bita kan sabuwar dokar karɓar bashi ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka. Ya dawo da jaka mai tambari da sabuwar magana a baki, wai adana ilimin ofis. Duk abin da kabine ya sani, daga model ɗin wasiƙu har hukunce-hukuncen CCJA, babbar kotun OHADA, da muka taɓa kafa hujja da su, a tara shi wuri guda cikin ordinater, yadda ko wani ba ya nan aiki ba zai tsaya ba. Ya ɗaga kai yana neman wanda zai ɗora wa. Tanti ta duƙufa kan takarda, stajiya, mai koyon aiki, ya shiga neman biro ƙarƙashin tebur. Ni kaɗai idona ya haɗu da nasa.

Dalilinsa dai mai ƙarfi ne. Dokar 1998 da muka haddace an sake ta a Kinshasa cikin Oktoba 2023, ta fara aiki ranar 16 ga Fabrairu 2024. A da, wanda aka kai wa umarnin kotu na biyan bashi yana da kwana 15 ya ce bai yarda ba, yanzu 10 ne. Ɗaukaka ƙara ma ya sauko daga kwana 30 zuwa 15. In ka ɗauko tsohon model ka rubuta wa mutum cewa yana da kwana 15, ya je gida ya miƙe ƙafa, to ka rufe shi da ransa. Na bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya ina gyara wa'adi har idona ya yi ja. Ku riƙe wannan da kyau, don har yau ba wanda ya ce mini sannu a kansa.

Takardar gargaɗin da muke aika wa mai taurin bashi kafin a je kotu kuwa, a ordinater ɗin Tanti na same ta iri-iri: "final", "final 2", "final sabo", "final na gaskiya", da wata "kar a taɓa". Don Allah ku faɗa mini, mai hankali wacce zai ɗauka? Na ɗauki ta gaskiya, na sa ta a sabon rumbunmu, na share sauran. Washegari Tanti ta kama motar Maraɗi, ƴarta ta haihu.

Sai ga Alhajin Tawa, mai albasar Galmi, kun san shi. Wani ɗan kasuwar Katako ya karɓi buhuna ya sayar, kuɗi shiru. Metir ya ce in shirya gargaɗi. Na buɗe rumbu, na canja suna da adadin kuɗi, na buga, kafin ruwan da aka kawo wa Alhaji ya huce sanyi. Metir ya kalle ni ya kalli Alhaji yana murmushi: "Ka ga amfanin tsari, Alhaji." Daidai nan wayarsa ta yi ƙara, ya miƙo mini takardar ya ce in karanta wa Alhaji da Hausa kafin ya sa hannu.

Na miƙe tsaye. Ba wanda ya ce in miƙe, ni na ga ya dace. Na gyara murya. Sakin layi na farko ya tafi lafiya, Alhaji yana gyaɗa kai yana jan tasbaha. Na biyu, inda aka ba mutumin kwana takwas ya biya, har cewa ya yi "Madalla, ɗana." Kan nan nawa ya kumbura. Ido yana ɗaukar Faransanci, baki yana zuba Hausa, ban ma tsaya numfashi ba na faɗa na uku da murya irin ta mai shela:

"Haka kuma, muna umartarka da ka mayar da gado, da katifa, da keken ɗinki, da butel ɗin gas..."

Tasbaha ta tsaya.

Kunnena ya ji, amma baki ya riga ya ɗauki gudu. Wallahi ina jin kaina ina ci gaba: "...da kwanonin da ke cikin kabad, sannan ka ci gaba da biyan kuɗin ciyar da yara biyu duk ƙarshen wata."

Alhaji ya cire gilashi a hankali, ya juya wajen direbansa. "Wanga yaro mi shika hwaɗi?" Direba ya ce bai ji da kyau ba, alhali kafaɗunsa rawa suke. Alhaji ya dawo kaina. "Wace katihwa? Yaro, albasa ta. Ni da wanga mutum mun ka haihi ɗiya?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe." Ya ce to ɗiyan wa za a ciyar? Na duba takardar ko za ta taimake ni. Sunan wata baiwar Allah ne a ƙasa, shari'ar saki da aka gama tun ban zo kabinen ba. Na ce, "Na wata ne, Alhaji." Ya ce, "Wata? A cikin albasata?" Metir yana riƙe da waya a kunne, wanda ke can yana ta alo alo, shi kuwa ya kafe ni da ido. Jakar Abijan tana nan kan tebur tsakaninmu.

Duk wannan da ya tsaya cikin ɗaki. Amma yaron mai shayi ya shigo kwasar kofuna. Yaron nan, kofi uku ne a ɗakin, aikin da ba ya kai ƙiftawar ido, ya tsaya ya jera su a tire, ya sake sauke su, ya goge tebur ɗin da tun da nake bai taɓa gogewa ba. Shi ne fa wanda in ka aike shi canji sai ya ce ba ya jin Hausa sosai, Zabarmanci kawai. Ranar nan har Adaranci ya fahimta. Kuma shi ne mai cewa yana bina dala ashirin tun azumi, kuɗin da na ba shi hannu da hannu gaban mai gadi, mai gadin kuma ya ce shi bai tuna ba, don tare suke cin kilishi. Kafin la'asar, daga mai fotokopi har ƴan kabu-kabun bakin titi, kowa "Katifa, ina wuni" yake ce mini. Mai fotokopi ma, wanda ni na koya masa buga takarda gaba da baya.

Da dare na kira Tanti, hayaniyar suna ta cika wayar. Ta ce, "Ayya ɗana, ai wannan sakin layi na ukun ake sharewa kafin a buga." Na ce tun yaushe? Ta ce tun da ta rubuta wasiƙar a kan ta matar nan. Shekara da shekaru tana share shi da hannu duk lokacin bugawa, ba ta taɓa adana gyaran ba. Na ce to me ya sa ta kira shi na gaskiya? Ta ce don kada stajiya ya taɓa "final 2", shi ne mai kyau. Ta tambaye ni yana nan dai ko. Na ce rezo ba kyau, ba na jinta.

Alhaji bai janye dosiyensa ba, sai dai yanzu in ya zo cewa yake a kira masa yaron katifa ya karanta. Metir kuma ya ce wata mai zuwa akwai wani taro a Kwatanu. Dala ashirin ɗin nan dai ba zan sake biya ba.