Tayar reshafe a motar daji: inda na yarda da ita, da inda ban yarda ba

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, duk mai kat-kat, wato motar daji mai jan ƙafa huɗu, a Tawa ya ji kuɗin taya a jikinsa. Shi ya sa zancen tayar reshafe ya dawo bakin mutane a tasha da garejoji, wato tsohuwar tayar da aka kankare bayanta aka liƙa mata sabuwar roba mai zane, ana sayar da ita wajen rabin kuɗin sabuwa. Wasu na cewa sabuwa ce a farashin gwanjo, wasu ko kyauta ba su so. Ni dai ga nawa: ba na sa ta a gaban mota, kuma ba na shiga dajin Azawak da ita.

Kada wani ya ɗauka raina aikin nake yi. Reshafe na gaskiya aikin masana'anta ne. Sai an duba gangar tayar ciki da waje, manyan kamfanoni ma da na'urar da ke gano inda roba ta rabu da waya a ɓoye, a zubar da wadda ba ta ci jarrabawa ba. Wadda ta tsira a goge ta, a shimfiɗa ɗanyar roba mai liƙi, a ɗora sabon zane, a dafa a tukunyar zafi har su zama jiki ɗaya. Jiragen sama na fasinja da irinta suke sauka, taya guda a sabunta ta sau da yawa. Manyan motocin kaya a Turai da Amurka sun daɗe suna tafiya a kanta. Amma ku lura, a Amurkar ma doka ta hana a sa ta a ƙafafun gaba na motar bas. Ba banza ba.

Matsalar a nan take: reshafe bayan taya kawai yake sabuntawa, daji kuwa gefen taya yake ci. Tirelar da ke bin gudoro daga Ƙonni zuwa Yamai zanenta ne ke suɗewa, gangar tana nan lafiya, in an yi mata sabon baya an yi daidai. Land Cruiser da ke yawo tsakanin Keita da Buza fa? Je ka tsaya wurin mai faci a ranar kasuwa ka dubi tulin tayoyin da aka yar a bayan rumfarsa. Za ka ga da yawa zanensu bai ko kai rabi ba, amma gefe ya tsage, dutsen Adar ya yanka shi kamar da aska, ko kututturen aduwa ya shige ta haƙarƙari ya fito. Tayar da ta sha wannan wahala shekaru, ka yi mata sabon baya, ka yi sabon yaɓe ne a katangar da gara ta cinye.

Sai rairayi. Duk direban da ya san hanyar Cintabaradan zuwa Tasara ko Tiliya ya san in yashi ya yi laushi sai an rage iska, a sauko wajen kilo 1 da rabi, wani lokaci ƙasa da haka, don taya ta baje ta hau bisa. To taya mai ƙarancin iska gefenta lanƙwasawa yake yi a kowane juyi, lanƙwasar nan kuwa zafi take haifarwa, zafi shi ne abokin gabar liƙi. Ƙara da ranar watan Afrilu da Mayu, da ma'auni ke wuce 40 a inuwa. Ƙara da lodin da muke yi, buhunan hatsi, jarkokin mai, mutane bisa kaya, akuya bisa mutane. Mafi muni, a fito daga yashi a hau hanyar Abalak ba a mayar da iska ba, saboda famfo ya lalace ko ana sauri, a taka wuta. Sabuwar taya ma tana fashewa a haka, balle mai tsohuwar ganga. In bayan ya ɓalle, da ƙarfi yake fita, ya doki ƙarfen mota, wani lokaci ya tsinke tiyon birki. In a gaba ne, sitiyari ya bar hannunka, kat-kat kuma doguwa ce, ba ta da wuyar kifewa.

Akwai abin da ya fi wannan ɓata mini rai. Ba duk abin da ake kira reshafe a kasuwa ne reshafe ba. Akwai tayar da ta suɗe, wani ya zauna da wuƙa mai zafi ya sake tona mata zane, ya shafe ta da baƙin mai tana ƙyalli. Ba a ƙara mata komai ba, ragowar robar da ke kare waya aka rage. Tonon zane halal ne a tayar babbar mota da aka ƙera da kaurin da zai ɗauka, ana ma rubuta hakan a jikinta. A tayar Hilux kuwa ha'inci ne, ko mai sayarwa ya rantse da Alƙur'ani. Sa farce a cikin ramin zanen: in ka ga bakinsa da kaifi, zurfinsa bai daidaita ba, ko ka hango zare ko waya, ajiye ka yi gaba.

Ina na yarda da ita? Ƙafafun baya na motar da ke aiki kusa, mai ɗaukar dutse, yashi ko albasa daga gona zuwa bakin titi, tafiya a hankali, gari a kusa, in ta faɗi a turo yaro da babur. A nan arharta riba ce, don ko sabuwa ka sa, dutse ba zai bar ta ta tsufa ba. Amma ko a nan ka duba. Ta ƙwarai da aka yi a Turai tana ɗauke da harafin E cikin da'ira da lamba 108R ko 109R. Ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya in ba a goge su ba: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Gangar da ta haura shekara 10, masu ƙera taya da kansu cewa suke a sauke ta, komai kyan fuskarta. Ka sa a juya maka cikinta ka ƙirga faci, ka shafa gefe ko za ka ji kumburi.

Magana ta ƙarshe ga iyayen gidanmu masu motoci. Alhaji, kai kake biya, gaskiya ne, amma ba kai za ka kwana tsakanin Abalak da Ingal da mata da yara a bayan mota, babu rezo, ruwa na ƙarewa ba. In kuɗi bai kai na sababbi huɗu ba, sayi biyu ka sa a gaba, ka mayar da na gaban baya in suna da sauran rai. Sakur kuma, wato tayar ajiya, ya zama biyu, kuma kada a ce tunda ajiya ce a jefa mafi lalacewa. Direban da zai tuƙa ka aika ya zaɓo, ya san hanyar da za ta bi.