Uwar Miji a Yaƙin Burmi

Littafin tarihi na saya, mai kauri, kan zuwan Turawa ƙasar Hausa. Na ci shafi arba'in cikin kwana biyu, har tafiyata ta canza. Ita kuwa maiɗakina wani sabon littafin soyayya take fama da shi, kashi uku. Kullum sai na yi mata tsiya: "Ke dai ba ki gajiya da tatsuniya."

Ran nan ta tafi suna ta bar shi kan kujera. Na ɗauka don in samu abin zolaya. Wallahi ban farga ba sai da ladan ya kira magariba. Daga ranar na shiga auren mata biyu: tarihi da safe, soyayya da yamma. Don gudun surutu, sai in cusa nata cikin nawa in fita majalisa, gindin darbejiya.

Ina zaune bayan la'asar na iso inda aka tilasta wa bawan Allah ya saki matarsa, ga ta da tsohon ciki. Hawaye ya zubo mini shar. Wani dattijo, tsohon hedimasta, ya dube ni.

"Lafiya, ɗan nan?"

"Malam, Burmi na iso. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru."

Malam ya cire tabarau ya ce, "Allahu akbar! Ashe akwai sauran yara masu kishi." Nan take ya sa aka ajiye ludo, wai in ba jama'a labari.

Na faro da kyau, don safiyata ba ta tafi a banza ba. Na ce a 1903 Turawa suka shiga Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Na kawo karon Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya kwanta dama. Na kawo faɗan Giginya, da hijirar Attahiru zuwa gabas, talakawa na bin sa garke-garke. Majalisa ta yi tsit. Daɗi ya kwashe ni, na ce, "Ana cikin haka uwar mijin ta rantse sai ya sake ta ko ta tsine masa."

Malam ya ce, "Uwar mijin wa? Gwamna Lugga?"

Ina laluben mafita sai ga autana a guje. "Abba, Umma ta ce ka ba ta kashi na biyu. Wai ta san yana cikin na tarihin."

Littafin ma kamar jira yake, ya sulale ya faɗo gaban Malam, hoton amarya a sama. Masu ludo har da kwanciya a tabarma. Malam bai yi dariya ba. Ya sa shi a aljihun babbar riga, ya ce zai duba irin tarbiyyar da ke ciki.

Yau sati biyu yana dubawa. Maiɗakina ta kulle kashi na uku a akwati, ta ce sai na biyu ya dawo. Har yanzu ban san me matar nan ta haifa ba.