Doka ta kare ginin, amma wa zai kare tsofaffin da aka yi shi dominsu?

Duk wanda ya zaga tsofaffin unguwannin biranen Ingila zai riƙa cin karo da wani irin gini da ya bambanta da na maƙwabta: jerin ƙananan ɗakuna da suka kewaye fili ta ɓangare uku, da ciyawa da furanni a tsakiya, da dogayen bututun hayaƙi a kan rufi mai gangara, kuma sau da yawa da ɗan ɗakin ibada a gefe. Waɗannan su ne gidajen gajiyayyu da masu hali suka gina suka bar wa tsofaffi marasa ƙarfi, kusan yadda ake yin waƙafi a wurinmu, kuma da yawa daga cikinsu an gina su ne ko an sake gina su a zamanin Sarauniya Biktoriya, tsakanin 1837 da 1901. Ra'ayina shi ne, kariyar da doka take ba su a yau ta tsaya rabin hanya.

Darajarsu tana fitowa fili ne idan aka tuna abin da ke jiran talaka a wancan zamani. Bayan dokar talakawa ta 1834, wanda ya rasa abin yi sai gidan aikin hukuma, inda ake raba miji da mata, ake raba iyaye da 'ya'ya, kuma da gangan aka tsananta zaman wurin domin kada kowa ya yi sha'awarsa. Gidan gajiyayyu kuwa ya ba tsoho ƙofarsa da murhunsa. A Saltaire, kusa da Bradford, attajirin masaƙa Titus Salt ya gina irin waɗannan gidaje guda 45 a 1868, suna fuskantar lambu, kuma ana ba mazaunansu kuɗin cefane duk mako. Gaskiya ne akwai sharuɗɗa masu tsauri a irin waɗannan wurare, akwai sa ido a kan ɗabi'ar mutum, kuma wasu masu bayarwa sun so a ga sunansu a jikin dutse. Duk da haka tsarin ginin kansa ya san abin da ke damun tsufa. Filin tsakiya yana sa kowa ya ga ƙofar kowa, ta yadda idan hantsi ya yi tsohuwa ba ta ɗaga labule ba, maƙwabciyarta za ta zo ta ƙwanƙwasa.

A yau kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan gidaje suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, wadda hukumar Historic England ke kula da ita a Ingila. Rajistar tana da matakai uku, kuma a ƙarƙashin dokar 1990 laifi ne mutum ya rushe ko ya sauya fasalin ginin da ke cikinta ba tare da izini ba. Ba a samu wannan a banza ba, domin akwai lokacin da ake kallon ginin zamanin Biktoriya a matsayin tarkace, har sai da aka kafa ƙungiyar kare shi a 1958.

Matsalar ita ce, dokar tana kallon taga da rufi da tubali, ba ta tambayar wanda ke kwana a ciki. Gidan Foster da ke Biristol ya isa misali. John Foster ne ya kafa shi a 1483, aka sake gina shi tsakanin 1861 da 1883 da jan tubali mai zanen baƙi, da barandar katako da matakala mai murɗawa a tsakar gida, bisa kwaikwayon tsohon asibitin Beaune na Faransa. A 2007 amintattun da ke riƙe da shi suka sayar, saboda bai dace da tsofaffi ba, aka gina musu sabo a Henbury, a arewacin birnin, shi kuma tsohon ya koma gidajen masu iya saye. Ba na zargin amintattun, domin matakala mai murɗawa ba abin wasa ba ce ga mai ciwon gwiwa, kuma kuɗin ya koma ga tsofaffin. Abin da ke damuna shi ne, a idon doka ba a rasa komai ba, tun da ginin yana nan da kyansa, alhali bayan fiye da shekara ɗari biyar talaka ya bar tsakiyar gari.

Ƙananan ƙungiyoyin da ke riƙe da irin waɗannan gidaje, kimanin 1,600 masu ɗauke da mazauna wajen 36,000, ba su da aljihu mai zurfi. Mazaunan ba 'yan haya ba ne, ɗan abin kula da gida suke bayarwa duk mako. Da wannan ake so a gyara rufi da irin dutsensa na asali, a hana sanyi shiga ba tare da an taɓa tsohuwar taga ba, a faɗaɗa banɗaki domin keken guragu. Sannan a 2012 aka janye rangwamen harajin da ake yi wa sauye-sauyen da aka amince da su a gine-ginen rajista, nauyin ya ƙaru.

Saboda haka nake ganin ya kamata jami'in da ke duba takardar neman izini ya ɗauki zaman tsofaffi a cikin gidan a matsayin wani ɓangare na tarihin da aka ɗora masa karewa. Idan na'urar hawa bene a bayan gini, ko gilashi na biyu daga cikin taga, shi ne zai sa tsohuwa ta ci gaba da zama kusa da kasuwarta da likitanta, to a ba da izinin da wuri, kuma gwamnatin da ta ɗora wa amintattu sharuɗɗan gyara ta ɗauki wani kaso na kuɗinsa.