Shekara uku tsangayarmu ba majalisa, kullum sai "ana duba lamarin"

Ran Talatar nan wata ɗalibata ta tare ni a ƙofar ofis, goye da jariri, ta ce, "Malam, don girman Allah ina sakamakonmu ya maƙale?" Tun bara ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe. Waɗanda suka shigo tare a wasu tsangayoyin har sun yi nisa da bautar ƙasa. Wallahi kunya ta hana ni kallon idonta, domin na san inda takardun suke: suna cikin wata durowa, suna jiran zaman majalisar da ba tamu ba.

Ga wanda bai san aikin jami'a ba, sakamako ba ya tashi daga hannun malami ya faɗa hannun ɗalibi. Sashe ne zai zauna ya duba, ya miƙa wa majalisar tsangaya, ita kuma ta tace ta tura majalisar dattawan jami'a, wadda muke ce wa sanet. Sabon kwas ma wannan hanyar yake bi. To mu shekara uku ke nan da aka ɓalle mu daga tsohuwar tsangaya, aka yi buki, aka kafa allo mai sunanmu, aka ɗauki hoto. Allon kawai muka samu. Har yau ba a ƙaddamar mana da majalisa ba, ba a bar mu mun zaɓi shugaban tsangaya ba, ba kwamitin jarrabawa, ba na ƙarin girma. Mai riƙon ƙwarya aka ɗora mana, aka ce na wata shida ne. Ƙwaryar nan har ta tsufa a hannunsa.

Saboda haka duk abin da ya shafe mu sai an kai shi zaman tsohuwar tsangayar, inda muka koma kamar agola. Batunmu ne na ƙarshe a jerin abubuwan tattaunawa. Za a fara ƙarfe goma, a ci rabin yini kan nasu, ana kiran La'asar sai shugaban zama ya ce a ɗage sauran zuwa zama na gaba. Zama na gaba kuwa sai bayan wata biyu, in an yi sa'a. Ban ga laifinsu ba, kowa ta kansa yake yi.

Kada wani ya ce ma'aikata ne ba su haɗa kai ba, domin wannan ƙaryar ta riga ta mutu. Mun rubuta takarda, tun daga farfesoshi har ƙananan malaman da ba su daɗe da kama aiki ba kowa ya sa hannu. Masu kula da ɗakin gwaje-gwaje sun sa. Sakatarorinmu, waɗanda ko kujera ba za su samu a majalisar ba, su ma sun rubuta nasu goyon bayan, don su ɗalibai ke zagi a taga kullum. Mutanen da ko gaisuwa ba ta haɗa su saboda rigimar rabon kwasa-kwasai, a kan wannan magana bakinsu ya zo ɗaya. Sau uku muna kai takardar ofishin magatakarda, sau uku ana buga mata hatimin "an karɓa".

Amsar farko, babu kuɗi. Kuɗin me, ranka ya daɗe? Ɗakin taro muna da shi, kujeru muna da su. In ruwan leda da biskit ne matsalar, mun yafe, kowa ya zo da gorarsa. Amsa ta biyu, an kafa kwamiti ya duba yiwuwar kafa majalisar. Kwamiti don a kafa abin da dokar jami'ar ta riga ta tanada baƙi da fari! Ta uku ita ce wadda ta fi ci mini rai: wai a jira majalisar gudanarwa, wato majalisar ƙoli mai kula da tafiyar da jami'ar. Gaskiya ne a watan Yunin 2023 gwamnatin Tinubu ta rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya, aka shafe kusan shekara guda ba su, sai a 2024 aka naɗa sababbi. Mun yi haƙuri a lokacin, mun ce uzuri ne. To an naɗa, an rantsar, sun zauna ba sau ɗaya ba. Yanzu kuma wa ake jira?

Abin dariya, ko in ce abin kuka, lokacin da aka yi wancan rusau ɗin, waɗannan manyan namu su ne kan gaba wajen kumfar baki. Suna karanto mana dokar jami'o'i ta 1993 da gyaran da aka yi mata a 2003, cewa wa'adin majalisar gudanarwa shekara huɗu ne, ba a rushe ta sai an same ta da gazawa da almundahana. Suna tuna mana cewa dokar ta ba sanet kujera huɗu a majalisar, ta ba babban taron ma'aikata biyu, don kada a yanke wa malami hukunci ba da bakinsa ba. Duk mun yarda. Wata takwas muka yi a gida muna yajin aiki a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ba albashi, wasunmu har mota suka sayar. Shekaru muka yi muna faɗa da IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, da sunan 'yancin jami'a. Ashe 'yancin da ake nufi na ofishin sama ne kawai. Laifi tudu ne. Abin da suke kuka Abuja na yi musu, shi suke yi mana a cikin gida, har da ƙari.

Ni dai na daina yarda cewa mantuwa ce ko yawan aiki. Shugaban da malamai suka zaɓa yana da inda zai jingina bayansa. Zai iya miƙewa a sanet ya ce tsangayata ba ta amince ba. Mai riƙon ƙwarya kuwa wasiƙa ɗaya ta kawo shi, wasiƙa ɗaya za ta mai da shi, don haka amshi kawai yake yi. Namu mutumin kirki ne, muna zumunci, amma ya faɗa mini da bakinsa cewa ko alli zai saya sai ya duba fuskar na sama.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya kan sakamako ba. Da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta fito da sabuwar manhajar CCMAS a ƙarshen 2022, ta riƙe kashi 70, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. Namu kashi 30 ɗin mutum uku suka kulle ƙofa suka rubuta, sai ganin kwasa-kwasai muka yi a jadawali kamar an jefo su daga sama. Takardun ƙarin girman abokan aikinmu sun yi ƙura, wani ya cika duk sharuɗɗa tun shekara biyu baya, yana nan a matakin da yake, farashin buhun shinkafa kuwa bai jira shi ba. Amma ku bari 'yan tantance kwasa-kwasai su sa ranar zuwa. Nan za ka ga an share harabar, an yi fenti, an aro littattafai, sannan a zo ana raɗa mana mu taimaka a "gyara" bayanan zaman majalisa. Zaman da ba a yi ba! Ni kam na faɗa musu hannuna ba zai hau wannan takardar ba.

Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, reshenmu ma ina da magana da ku. In batun alawus ne, kafin Magariba kun kira taro. Wannan kuwa sau biyu ina tayar da shi, ana ce mini "kwamared, a bi a hankali". Shekara uku ba hankali ba ne?

Ba gini muka roƙa ba, ba mota ba. A fitar da wasiƙa mai layi biyar, a sa ranar zaman farko, a sa ranar zaɓe. Ɗalibar nan ta ce za ta dawo ran Litinin, kuma na riga na yanke shawara: da ita da jaririnta zan raka su har ofishin magatakarda, ya yi mata bayanin da kansa.