Kuɗin ƙananan hukumomi: muddin gwamna ke ɗora ciyaman, da sauran rina a kaba

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma babu gwamnan da ke da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Ministan shari'a Lateef Fagbemi ne ya maka gwamnoni 36 a kotu. Jama'a sun yi murna, kuma sun cancanci yin ta, domin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya kafa ya daɗe da komawa aljihun gidajen gwamnati.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa a Abuja duk wata na ƙananan hukumomi ne. Amma ka leƙa asibitin sha-ka-tafi a ƙauye, za ka tarar da ma'aikaci ɗaya, kwalabe babu magani, mai naƙuda kuma sai an ɗora ta a babur zuwa gari. Famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, sai matasan unguwa sun yi karo-karo kafin a kira mai gyara. Sakateriya kuwa ba ta cika sai ranar albashi.

Damuwata ita ce hukuncin bai taɓa tushen matsalar ba. Hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, gwamna ne kuma ke naɗa shugabanninsu. Shi ya sa jam'iyyar da ke mulki ke lashe kusan komai a ko'ina. A Kano, NNPP ta cinye duka 44 a Oktoban 2024, kuma APC da PDP haka suke yi a jihohinsu. Ciyaman ɗin da gwamna ya ɗauko ya ɗora, ko kuɗin sun faɗo asusunsa, waya ɗaya ta isa ya mayar da su. A Anambra ma doka majalisar jiha ta yi wadda ta tilasta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi.

Malaman firamare suna da nasu tsoron, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. A farkon shekarun 1990, lokacin da aka bar albashinsu a hannun ƙananan hukumomi, da yawa sun yi watanni ba a biya su ba. Don haka a cire albashin malamai da ma'aikatan lafiya tun daga tushe, kafin kowa ya taɓa kuɗin.

Sauran gyaran na Majalisar Tarayya ne. A gyara kundin tsarin mulki a soke asusun haɗin gwiwa ƙarara, a kuma karɓe zaɓen daga hukumomin jihohi a miƙa wa hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC. INEC ba waliyyiya ba ce, amma aƙalla ba gwamna ke biyan ta ba. Sannan a wajabta wa kowane ciyaman ya manna takardar abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar sakateriya duk wata, da Hausa, a kuma karanta ta a rediyo, domin mai unguwa da ɗan kasuwar da ake karɓar harajin rumfa a hannunsa su san abin da za su tambayi kansilansu.